Bindiga Mai Ruwa a Fadamar Gawo

A cikin sarakunan da suka riƙe Birnin Marke ba a taɓa yin mai yawan tambaya kamar Barmo ɗan Jatau ba. Ba azzalumi ba ne, ba kuma rago ba, sai dai in ya ga abin da bai sani ba, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga cikinsa. Shi ne ya sa aka kankare bayan madubin da wani Balarabe ya kawo masa, don ya ga inda mutumin ciki yake ɓuya. Shi ne kuma ya sa aka zura shi cikin rijiyar fada da igiya, da rawaninsa da komai, wai yana so ya ga ta inda ruwa yake shigowa. Fadawa suna sonsa ƙwarai, amma duk ranar da ya karkata kai ya ce "Ashe?" sai gaban kowa ya faɗi, don an san aiki ya samu.

A arewacin birnin akwai Dutsen Kargo, garin maƙera da masu narka tama. Tun kaka da kakanni suke bin Marke, kowace shekara suna kawo gaisuwar ƙarfe da zuma. Mutane ne masu taurin kai, kuma suna da wata al'ada wadda in baƙo ya ji sai ya riƙe baki. Duk sabon Sarkin Dutse da aka naɗa, tilas ne ya yi wa Sarkin Marke tawaye sau ɗaya. In bai yi ba, ko akuya ba za ta ji maganarsa ba a kan dutsen. Sunan abin boren naɗi. Zai hana gaisuwa, ya aiko da ƙwarya a kife. Sarki ya ɗaura yaƙi, a haɗu a Fadamar Gawo. Mutanen dutse su kafa tambarinsu a tsakiyar fili, su kewaye shi da jikinsu, kuma muddin yana kaɗawa ba mai ja da baya. Mayaƙan Marke su yi ta kutsawa har ɗayansu ya kai ga tambarin ya tsaga fatarsa da takobi. Da zarar ya yi shiru, yaƙi ya ƙare. Sarkin Dutse ya zo ya durƙusa ya zuba ƙasa a ka, Sarki ya tashe shi ya sa masa riga, a yanka shanu a ci tare.

Kada wani ya zaci wasa ne. Ana karya ƙafa, ana rasa ido, akan binne mutum biyu-uku. Amma rabin mayaƙan Marke uwayensu 'yan dutse ne, don haka mai kai sara yakan duba fuskar wanda zai sara tukuna. Kuma da wannan ƙasar da ake zubawa a ka sarautar Marke take tsaye. Sarkin da Dutse bai zuba wa ƙasa ba, ba shi da ƙarfen ƙera makami, ba shi da zuciyar rabin rundunarsa, sauran garuruwa ma ba za su daɗe suna binsa ba.

To, a zamanin Barmo ne Turawa suka sauka a Mashigin Kada, bakin kogi. Da farko wurin ajiye kaya kawai suka roƙa. Aka ba su, suka kafa tantuna, tantuna suka zama ɗakuna, ɗakuna suka yi katanga. Babbansu wani dogo ne wanda mutane suka sa wa suna Jan Gemu, yana da sojoji baƙaƙen fata daga wata ƙasa mai nisa, da tafinta mai Hausa gargada-gargada. Yana kuma da wani abu a kan ƙafafun keke, kullum a lulluɓe da ƙyalle, ana kiransa bindiga mai ruwa. Sarki ya je da kansa ya gan ta, ya shafa ta, ya leƙa bakinta, ya roƙa a sa ta yi magana ko sau ɗaya. Jan Gemu ya yi murmushi, ya ce ta bakin tafinta ai ba ta magana a banza, sai a gaban abokan gaba. Tun daga ranar abin ya tsaya wa Sarki a rai, ko abinci yake ci sai ya tsaya ya ce, "Wai me ya haɗa bindiga da ruwa?"

Ana nan sai tsohon Sarkin Dutse ya rasu, aka naɗa ɗansa Anaruwa. Da aka gama girbi, wata safiya fada ta cika, sai ga manzon dutse, wani tsohon maƙeri mai tabon ƙuna a hannuwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kife ƙwarya a gaban shimfiɗar Sarki.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Anaruwa Sarkin Dutse ya ce a gaishe da Zaki. Ya ce bana ba ƙarfe, ba zuma. In Sarki yana so, ya zo Fadamar Gawo ya karɓa."

Fadawa suka ɗau hayaniya, "Ƙarya yake! Ƙarya yake!" Wasunsu suna faɗa suna danne dariya, don kalmomin nan su ne kowane manzon dutse yake faɗa tun zamanin kakanni. Amma tsohon bai tashi ba.

"Saura magana ɗaya, ranka ya daɗe, wadda ba ta cikin ta iyaye. Ya ce bayan ya zuba ƙasa an sa masa riga, yana da tambaya game da baƙin Mashigin Kada. Ya ce mutanensu sun hau dutse ba sallama, suna ta leƙa ramukan tama suna ɗibar duwatsu a jaka. Yana so ya ji wanda ya ba su izini."

Fadawa suka daina dariya. Aka sallami manzo, sai Galadima Tunau ya gyara zama. Shi ne yake kai wa Turawa hatsi da shanu, kuma rigar da ke jikinsa ranar ma daga wajensu yadinta ya fito.

"Allah ya ba Zaki yawan rai. Tun da aka gina ganuwar Marke, mabiyi bai taɓa aiko wa ubangijinsa da tambaya ba. Ƙwarya mun san ta, amma wannan ƙarin ba boren naɗi ba ne, tawaye ne na gaskiya ya saka rigar al'ada. Yau ya tambayi wa ya ba da izini, gobe sai ya tambayi wa ya naɗa Sarki. A ganina a nuna masa abin da ubansa bai taɓa gani ba. Allah ya kawo mana abokai masu abin nunawa."

Madawaki Cindo yana zaune a gefe guda. Shi ne shugaban yaƙin Marke, tsoho ne mai yatsu shida a hannun dama, shi ya koya wa Sarki hawa tun yana yaro, kuma uwarsa 'yar dutse ce. Ya ɗaga kai a hankali.

"Zaki, ni na tsaga tambarin uban Anaruwa, ga tabon nan a kafaɗata. Yaron nan ya ce zai zuba ƙasa, to zai zuba. Tambayar da ya yi kuwa, in an bi gaskiya, ni ma ina da ita, sai dai shi ya riga ni buɗe baki. A bar mu mu yi faɗanmu na gida yadda muka gada. Baƙo ba shi da wurin tsayawa a Fadamar Gawo."

Sarki ya karkata kai. "Ashe? To Madawaki, a boren da ya wuce, an binne mutane ko ba a binne ba?"

"An binne, ranka ya daɗe."

"Ni kuwa ba na so a binne ko ɗaya. An gaya mini bindigar nan tana samun abin da aka nuna mata tun daga inda kibiya ba ta kai. A fasa tambarin daga nesa, ba a karya ƙafar kowa ba, Anaruwa ya zo ya zuba ƙasa, mu ci nama mu dawo. Wa ya yi asara?"

"Allah ya taimaki Sarki, tambarin ba a fili yake ba, a tsakiyar mutane yake. Takobina yana duba fuska kafin ya sauka, don hannun da ke riƙe da shi yana da dangi a can. Wancan abin ban san danginsa ba. Kuma mutanen dutse ba sa gudu in tambari yana kaɗawa. Ba jarumtaka kaɗai ba ce, rantsuwa ce suka sha."

Galadima ya yi dariya. "Za su gudu, Madawaki. Duk wanda ya ji ƙarar nan sai ya nemi daji."

"Ka taɓa jin ta, Galadima?"

"An ba ni labari."

"Ni ma labarin nake tsoro."

Aka yi ta kai-kawo har rana ta take. Masu ba da tarihin Marke sun nemi uzuri iri-iri don su wanke Barmo. Wasu sun ce Galadima ne ya ruɗe shi, wasu sun ce tausayin talakawa ne ya ja shi. Tausayin kam yana da shi, ban hana masa ba. Amma gaskiyar da ke ƙasan zuciyarsa ita ce yana so ya ji muryar bindigar nan, kuma ga dalili ya faɗo masa daga sama. Ya yanke hukunci a kira Jan Gemu.

Bature bai ja magana ba, kamar dama jira yake. Ya ce aboki ba ya hana aboki taimako. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba mai taɓa bindigar sai sojojinsa, kuma ba ta jin umarnin kowa sai nasa. Sarki ya ga ai ba komai, ko ingarma ma mai yi masa hidima kaɗai yake yarda da shi. Ya amince a gaban fada.

Ranar fita aka ga abin mamaki. Ƙudan zuman da ke cikin kukar ƙofar birni, wanda kakannin mutane suka taso suka tarar, ya tashi gaba ɗaya ya bi ta kan runduna ya nufi dutse. Malamin duba ya buga ƙasa, ya share, ya sake bugawa, ya ce alamar zumar gaisuwa ce za ta dawo ninki. Amma ya faɗa yana kallon ƙasa, kuma da aka ce ya hau ya bi runduna sai ya ce cikinsa yana ciwo.

Da hantsi aka isa Fadamar Gawo. Mutanen dutse sun riga sun kafa tambari, sun kewaye shi sahu-sahu, da garkuwa da masu da guduma. Suna cikin nishaɗi, suna kiran sunayen danginsu na Marke suna tsokana. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Cindo, ka tsufa! Bana sai dai ka aiko jikanka!" Mayaƙan Marke suka kwashe da dariya, suna mayar da martani. Anaruwa yana tsaye kusa da mai kiɗa, saurayi ne ƙaƙƙarfa, ya ɗaure ƙugu da walkin maƙera. Mutanen dutse sun hango baƙin sojoji suna ture wani abu gaban runduna, amma sun ɗauka wani sabon abin kallon Sarki ne, don sun san halinsa.

Sarki ya sauka daga doki ya tsaya dab da bindigar. Aka yaye ƙyalle, wani soja ya buɗe wani ɗan murfi ya tsiyaya ruwa a cikin rigar ƙarfen da ta rufe bakinta.

"Me ya sa ake ba ta ruwa?" in ji Sarki.

Tafinta ya ce, "Idan tana aiki jikinta yana zafi, ranka ya daɗe. Sai a ba ta ruwa ta huce."

"Ikon Allah! Ashe dabba ce. To wannan ɗamarar fa mai haƙora?"

"Abincinta ne."

Aka buga tambari, kiɗan ya cika fadama. Jan Gemu ya dubi Sarki, Sarki ya gyaɗa kai, Jan Gemu ya sauke hannu.

Ƙarar ba irin ta bindigar toka ba ce da ke faɗa ɗaya ta huta. Kamar ana yaga sabon ƙyalle take, yagar da ba ta ƙarewa. Dawakai suka zabura. Sarki kuwa, Allah ya jiƙansa, ba filin yake kallo ba, bindigar yake kallo. Ya sunkuya yana ganin yadda ɗamara take shiga ta gefe guda, kwanson harsashi yana tsalle ta ɗaya gefen, tururi yana fita ta wani ɗan bututu. Bakinsa a buɗe, idonsa yana walƙiya, har ya tafa hannu ya ce, "Ashe!" Sai ya lura ba wanda ya amsa masa a cikin fadawansa. Ya ɗaga kai ya dubi inda suke duba.

Sahun farko na mutanen dutse yana kwance gaba ɗaya. Na biyu ya tako ya tsaya a gurbinsa, yana zubewa, na uku yana takowa. Ba wanda ya juya baya. Mai kiɗa ya faɗi, wani ya tsinci sandar kiɗan ya ci gaba, shi ma ya faɗi, wani ya karɓa. Harsashi ba ya kai ga tambari sai ya ratsa mutane, mutane kuwa ba su ƙare ba.

"Ya isa!" in ji Sarki. "A tsaya! Na ce a tsaya!"

Tafinta ya yi wa Jan Gemu magana a kunne, ya juyo. "Ya ce Sarki ne ya ce a fasa tambari, ga shi kuwa yana kaɗawa. Ya ce a ƙasarsu ba a barin aikin aboki rabi."

Sarki ya kai hannu zai janye sojan da ke zaune bayan bindigar. Wani soja ya gitta masa bakin bindigarsa mai wuƙa a ƙirji. Tun da aka haifi Barmo ba a taɓa tare masa hanya ba. Ya tsaya yana kallon wuƙar.

Madawaki Cindo bai jira umarnin kowa ba. Ya gane abu ɗaya ne kawai zai tsayar da kisan nan, shi ne tambarin ya yi shiru. Ya zare takobi ya saki linzami, shi kaɗai, ya faɗa cikin fili. Kafin ya kai rabi dokinsa ya kife da shi. Ya tashi yana ɗingishi, jini yana bin hannun rigarsa, ya ci gaba da ƙafa, yana taka tsakanin waɗanda suka faɗi. Mutanen dutse suka gane shi, suka gane abin da ya kawo shi, sai suka yi abin da ba su taɓa yi wa mayaƙin Marke ba, suka dare suka ba shi hanya. Ya isa ya ɗaga takobi ya tsaga fatar.

Kiɗa ya yanke. Jan Gemu ya ɗaga hannu, bindiga ta yi shiru, sai tururi da ke tashi daga jikinta.

A al'ada nan ne rundunar Marke take yin kuwwa. Ba wanda ya yi. Wani barde ya sauka ya jefar da mashi, ya ruga fili yana kiran sunan kawunsa. Wani ya bi shi, wani ya bi wancan. Kafin a jima runduna ta watse cikin fadama, kowa yana juya gawa yana duba fuska. Suka yi makara da masu da garkuwoyi, suka ɗauki matattu da masu rauni, su da mutanen dutse kafaɗa da kafaɗa, suka kama hanyar hawa dutse. Abin tausayi, Sarki ya sa aka yi masa shimfiɗa a gindin gawo kamar yadda ubansa ya yi, aka ajiye rigar Sarkin Dutse a gefensa, ya zauna yana jira.

Rana ta karkata kafin ya hango mutum ɗaya yana tahowa. Madawaki ne, ba rawani a kansa, don da shi ya ɗaure wa Anaruwa ciki. Ya durƙusa da ƙyar.

"Anaruwa yana raye?" in ji Sarki.

"Yana raye, Zaki."

"To ya zo mana. Ga rigarsa."

"Ya yi niyya, ranka ya daɗe, ni shaida ne. Ya sa aka riƙe shi ya durƙusa a gindin tambari, ya kai hannu ya ɗebi ƙasa zai taho da ita kamar yadda iyayensa suka yi. Sai ya ga ta jiƙe, ta zama laka, ba ta zubuwa. Ya ce in gaya wa Sarki in ta bushe zai zo."

"Yaushe za ta bushe?"

"Ban sani ba, Zaki. Ban taɓa ganin an jiƙa ta haka ba." Ya ajiye takobinsa a bakin shimfiɗa. "A ba ni izini, 'ya'yan ƙanwar uwata suna cikin waɗanda za a binne."

"Za ka dawo, Baba?"

Sarki bai kira shi da wannan suna ba tun yana koyon hawa. Tsohon ya juya ya bi sawun makara.

Barmo ya waiwaya. Galadima ya sulale tun ana harbi. Ba barde, ba makaɗi, ba maroƙi, sai 'yan dogarai da ba su kai a kira su rakiya ba. Tafinta ya matso ya rusuna.

"Jan Gemu ya ce hanya ba lafiya yanzu, 'yan tawaye sun yi yawa, Sarki kuwa ba runduna. Ya ce zai raka abokinsa gida, kuma sojojinsa za su zauna a ƙofar fada har ƙasa ta kwanta."

"Har yaushe?" in ji Sarki.

Tafinta bai ko juya ya mayar wa Bature tambayar ba. Aka kawo doki, wani soja ya riƙe likkafa, Sarki ya hau.

Mutanen birni sun taru a kan ganuwa suna jiran runduna, mata sun shirya guɗa. In an dawo daga yaƙi, ba a taɓa yin mutum ko dabbar da ta riga Sarki shiga ƙofar Marke ba. Ran nan bindiga ce ta fara shiga, a lulluɓe da ƙyallenta, Sarki yana biye da ita.